Kan da Na Gyaɗa a Masaƙa

Saura 'yan shekaru Turawa su miƙa mulki na zo Kaduna neman aiki, ina saurayi, da 'yar jakata da kwatancen gidan wani maƙeri a Makera, abokin mahaifina. Mu masaƙa ne tun kaka da kakanni a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Da labari ya iso mana cewa an buɗe wata babbar masaƙa a Kakuri inda inji ke saƙa, sai na ga kamar don ni aka gina ta. Mahaifina bai hana ni ba, bai kuma nuna ya ji daɗi ba. Cewa kawai ya yi, "Je ka gani."

Maƙerin ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni ɗaki kusa da zaure. Baba nake ce masa. Bayan 'yan makonni ina sintiri a bakin ƙofar masaƙa aka ɗauke ni, aka koya mini tsaron inji, aka tura ni ɗakin saƙa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba, ba zai gane irin ƙararsa ba. Injuna jere har iya ganinka, kowanne yana buga ƙoshiyar saƙa kamar ana dakan ƙarfe. Ba a magana da baki a ciki sai da hannu da ido, ko kuwa mutum ya kafa bakinsa a kunnenka ya kwarara ihu.

Mai tsaron injunan da ke kusa da nawa wani Kirista ne daga kudancin Zariya, ya girme ni da kaɗan. Ya taɓa koyarwa a makarantar mishan ta garinsu, don haka kowa Ticha yake ce masa. Shi kuma Malam yake kirana, saboda ya ga ina rubutun ajami. Tare muke cin abincin rana a gindin wani mangwaro, a nan muka saba.

Wata Lahadi bayan an yi albashi na je ɗakinsa a Kakuri, na tarar da shi zaune da ƙaramin littafi da fensir, ya haɗa rai kamar alƙali.

"Wasiƙa kake rubutawa?"

"A'a, Malam, kaina nake tuhuma. Duk ƙarshen wata sai na zauna na yi wa kaina tambaya huɗu. Yaya aljihu, yaya jiki, yaya aiki, ina kuma na dosa. Mutum in bai yi haka ba, sai ya shekara goma a garin nan bai san me ya zo yi ba."

Abin ya burge ni. Ranar na sayi littafi irin nasa. Muka yi alkawari duk Lahadin ƙarshen wata za mu haɗu da hantsi, bayan ya dawo daga coci, kowa ya rubuta nasa, sannan mu karanta wa juna.

Watan farko ban sha wuya ba. Aljihu alhamdu lillahi, jiki lafiya lau, aiki ina koyo. Tambaya ta huɗu ce na bar ta fayau, na ce sai wata mai zuwa. Da na nuna wa Baba ya juya littafin, ya ce, "To, madalla. Mu dai ba mu saba ba. Ni in wuta ta kama, ƙarfe ya yi ja, na san yau akwai aiki." Ya miƙo mini abina.

Daga wata na uku ne lissafin ya fara rikice mini. Abin da nake karɓa a wata ya fi abin da mahaifina ke samu a kasuwa uku, amma kafin tsakiyar wata babu shi, kuma ban iya nuna inda ya shiga ba in ban da keken da na saya na hannu. Sai in rasa me zan rubuta, na samu ko na rasa. A wajen jiki ma haka. Na yi ƙiba, kumatu sun fito, duk wanda ya zo daga gida sai ya ce birni ya karɓe ni. Amma in na fito daga aiki sai in ji wani zuuu a kunnena kamar ƙudan zuma, ya bi ni har gida. Aiki kuwa, an ƙara mini inji daga biyu zuwa huɗu, heluma mai kula da sashenmu yana yabona. Yadin akokon da ke fita daga injunana a yini guda, mahaifina ba zai saƙa shi a wata ba. Duk da haka in na ɗauki fensir zan rubuta "na saƙa", sai hannuna ya tsaya. Ni zare kawai nake ɗaurawa in ya tsinke. Ticha ya ce in daina wahalar da kaina, wanda aka biya shi ne ya yi aikin. Na ce to, amma ban rubuta ba.

Shi nasa littafin tsaf yake. Ya san abin da yake so: ya zama fita, wato mai gyaran inji, ya kawo matarsa daga gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta. In ya karanta mini nasa sai in ji kunyar karanta nawa.

Baba ne ya fara gane matsalar kunnen. Wata rana na dawo da la'asar ina jingine keke, sai na ji an dafa kafaɗata.

"Kai, ɗana, me na yi maka?"

"Ni, Baba? Ba komai."

"Sau uku ina yi maka sannu da zuwa, ko waiwaye. Jiya kuma a masallaci liman ya yi ruku'u kana tsaye ƙiƙam, sai da ka ga mutane sun duƙa."

Kunya ta kama ni. Kashegari na je wurin disfensa mai ba ma'aikata magani, ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ya ce bai ga komai ba, in riƙa cusa auduga in zan shiga ɗakin saƙa. Na cusa. Ƙarar ta ragu, amma sai na ƙara zama kurma ga mutane, ko ihun heluma ba na ji. A ƙarshen watan na rubuta "jiki lafiya", na goge, na rubuta "jiki ba lafiya", na ga wannan ma ƙarya ce, tunda ko zazzaɓi ban yi ba. Takardar har ta huje.

Ana cikin haka abubuwa biyu suka taso mini a mako guda. Heluma ya sanar cewa za a zaɓi wasu daga cikinmu a koya musu gyaran inji, mai so ya ba da sunansa. Ticha ya ba da nasa nan take, ya kuma matsa mini in ba da nawa. Sai ga wani mai fataucin goro daga garinmu ya sauka gidan Baba da saƙon mahaifina: idonsa ya fara rauni, ba ya ganin zare sosai, in na gama ganin abin da na je gani in dawo in karɓi saƙar gida.

Watan nan na rubuta a tambaya ta huɗu cewa zan koma gida. Na karanta wa Ticha, ya ce, "Malam, nan da shekara goma wa zai sayi saƙin hannu? Da kanka kake ganin abin da inji ke fitarwa." Na ga gaskiyarsa. Wata na gaba na rubuta zan zama fita. Na gaya wa Baba, ya ce, "Fita na kwana a cikin ƙarar nan fiye da kowa. Kunne biyu gare ka, ɗana, kuma ba a ƙera su a maƙerata." Na ga gaskiyarsa shi ma. Sunana dai ban ba da ba, ban kuma aika wa mahaifina amsa ba.

Da Babbar Sallah ta zo na hau jirgin ƙasa na tafi gida, ina cewa in na ga wurin da idona zuciyata za ta tsaya wuri guda. Ina isa na durƙusa ina gaida mahaifiyata, sai ta ja baya tana dubana.

"Lafiya kake yi mini tsawa?"

"Inna, gaisuwa nake yi."

"To, a hankali, ai ba a bayan gari nake ba."

Ashe na saba da ɗaga murya ban sani ba. Ƙannena mata suka ruga ɗaki suna dariya.

Bayan Sallah da kwana biyu na zauna a masaƙar mahaifina a rumfar ƙofar gida. Na ɗauka hannuna zai tuna da kansa. Ƙafa ta taka, ƙoshiya ta wuce, amma sauri nake yi kamar ana kora ta, gefen saƙin ya fito nan a matse, can a sake. Ga shirun ƙauyen ya sa zumar kunnena ta ƙara ƙarfi. Mahaifina yana zaune a gefe. Da na yi kamar kamu biyu sai ya miƙo hannu ya shafa, daga sama har ƙasa, bai duba ba. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Tambayata kawai ya yi ko a Kaduna ana samun man shanu mai kyau. Da zan tafi na ce masa ina nan ina shawara. Ya ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Na dawo Makera na fi da rikicewa. Lahadin ƙarshen watan ban je wurin Ticha ba, na ce masa kaina ke ciwo.

Kwana kaɗan bayan haka, ina bakin aiki da safe, auduga cunkushe a kunne, sai na ga Baturen da ke shugabantar ɗakin saƙa ya tsaya a kaina tare da heluma. Ranar da ta wuce na tsayar da inji guda na ɗan lokaci saboda na ga zare ɗaya ya kauce yana barin layi a jikin yadi, abin da ba kowa zai lura da shi ba. Na ɗauka faɗan ɓata lokaci za a yi mini. Baturen ya yi magana yana nuna ni, yana nuna yadin. Heluma ya matso ya fassara da ƙarfi. Na ga bakinsa na motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Kunya ta hana ni zaro audugar a gaban Bature, ta kuma hana ni cewa a maimaita. Suka zuba mini ido suna jira. Sai na gyaɗa kai. Baturen ya sake magana, na sake gyaɗawa. Ya rubuta wani abu a takarda, suka wuce.

Ranar Litinin na zo zan shiga ɗakin saƙa, heluma ya tare ni ya nuna mini wata ƙofa daban. Ɗakin duba yadi ne. Dogayen tebura, tagogi manya, ana jan akoko a hankali, mutum na bi da ido da tafin hannu yana sa alli inda ya ga aibu. Ƙarar injuna daga nesa take zuwa, kamar ruwan sama a wata unguwa. Wani dattijo ya miƙo mini alli ya ce, "Kai ne sabon? Bisimilla."

Da aka tashi cin abinci na tare heluma na ce don Allah me aka tambaye ni ran nan. Ya yi dariya ya ce, "Au, ba ka ji ba? Cewa ya yi ko gaskiya ne ubanka masaƙi ne, ka ce e. Ya ce ko za ka iya ganin aibu a yadi, ka ce e." Amma Ticha, wanda ke tsaye kusa lokacin da Baturen ke magana, kuma yana jin Turanci, ya rantse ba haka ba ne. Ya ce Baturen tambaya ya yi ko na fi son duba yadi a kan koyon gyaran inji, domin sunana na cikin waɗanda aka yi niyyar ɗauka ko da ban nema ba.

"Malam, da kanka ka mayar da arziki," in ji shi, ransa a ɓace. "Wata nawa muna zama muna rubutu, ka zo ka yanke da gyaɗa kai!"

Na koma wurin heluma da wannan, ya ce Ticha bai ji daidai ba, wa ke jin daidai a ɗakin nan. Na rasa wanda zan gaskata.

Albashin ɗakin duba yadi bai kai na da ba, tunda babu ladan yawan saƙa. Zumar kunnen ta lafa bayan 'yan watanni, ko da yake na hagu bai dawo daidai ba har yau. Aikin ya karɓe ni, hannuna kan ji aibu kafin idona ya gani, har dattijon nan ya fara turo mini yadin da ake gardama a kansa. Na aika wa mahaifina cewa an canja mini wurin aiki, ba zan samu dawowa bana ba. Ya ba ɗan ƙanensa masaƙar, bai sake tayar da maganar ba. Ticha ya samu shiga cikin masu koyon gyara, aka mayar da shi aikin yamma, haɗuwarmu ta Lahadi ta riƙa tsallake wata, har ta mutu ba tare da wani ya ce a bari ba. Zama na ƙarshe da muka yi ya tambaye ni, gaba na yi ko baya. Na ce masa wallahi ban sani ba, kuma ba wasa nake yi ba.

Abin ya daɗe yana cina, har na shiga ajin yamma na koyon Turanci, da niyyar wata rana in tsaya gaban Baturen nan in tambaye shi da bakina me ya ce mini. Na fi shekara ina haɗa jimlar ina gyarawa. Ranar da na ga ta nuna, na sa rigata mai kyau na je ofishinsa bayan an tashi. Akawun da ke bakin ƙofa ya ɗago kai ya ce ai Baturen ya tafi ƙasarsu tun watan jiya, wani ne a kujerar yanzu, ko ya shigar da ni wurinsa? Na ce a'a, na gode, na je na ɗauki kekena.