Maikon da Mahadi Ya Goge

Mahadi mai hoto maƙwabcina ne a unguwar Hindawiyya ta Makka, katanga ɗaya ce tsakaninmu. A Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo Hajji daga Katsina ya zauna. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoton alhazai a Mina da Arfa, da irin kyamarar nan mai fitar da hoto nan take. Da wayoyi suka kashe sana'ar sai ya koma tuƙin tasi, amma sunan bai bar shi ba. Kowa ya san shi da tsaftar kayan aiki. Ƙurar Arfa ba ta kwana a jikin kyamararsa, kullum da ƙyalle mai laushi a aljihu.

Autarsa Lujain ta koyi nutso a teku a Jidda, irin wanda ake goya tukunyar iska. Wani kamfanin masu nutso ya ce ta bi su bakin tekun Shu'aiba ta ɗauko hotuna a ƙarƙashin ruwa, in sun yi kyau su ɗauke ta aiki. Sai ta ce, “Baba, kai za ka zaɓa mini kyamara.” Ya shigo wurina yana ta murmushi. An daɗe ba wanda ya tambaye shi komai a kan hoto.

Mu uku muka je wani shagon kyamarori a Jidda, ni da shi da Lujain. Mai shagon, Rayyan, ya jera mana ƙananan kyamarori. Mahadi ya ɗaga ɗaya ya juya ta.

“Wannan ai sabulu ce. Ina manyan?”

“Ya ammi, babba gajiyar da ita za ta yi a cikin ruwa,” in ji Rayyan, yana kiransa baffa da Larabci. “Ƙarama ake so, mai manyan maɓallai, don da safar hannu za ta danna.”

Ya ce a ƙasan teku jan launi ɓacewa yake, komai ya koma shuɗi, sai an matso kusa da fitila. Nan Mahadi ya gane. Ya sa aka ɗauki hoton ƙwayar carbina da kowace kyamara, ya zaɓi wadda ta fitar da zanen jikin ƙwayar. Rayyan ya ce, “Mashallah, hannun tsoho.” Aka haɗa mata da gidanta, akwatin roba mai gilashi da ke hana ruwa shiga. Lokacin da Rayyan yake yi wa Lujain bayanin rufe shi, mu mun fita shan shayi.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na tarar da Mahadi a kan tabarma ya buɗe akwatin. A bakin murfin akwai wani siririn zoben roba, jikinsa duk maiko.

“Dubi, Idris, yadda suke sayar wa mutane kaya da datti.”

Ya zaro zoben da tsinken sakace, ya wanke shi da sabulu, ya goge shi tas har yana ƙara, ya mayar. Ni ma na yaba, don ban san komai a kai ba.

Lujain ta dawo daga Shu'aiba idanu jajur. Ruwan gishiri ya cika akwatin tun ba ta yi nisa ba, kyamara ta mutu, ko hoto ɗaya babu. Washegari muka koma shagon. Ta ajiye kayan a gaban Rayyan tana faɗa da Larabci, cewa ya sayar mata da ruɓaɓɓen kaya. Mutane suka juyo. Rayyan ya ciro zoben ya murza a yatsa.

“A bushe yake, ga kuma ƙarzuwa. Maikon nan shi ke sa ya zauna daidai. Wa ya taɓa shi?”

“Ba wanda ya taɓa! A hannun babana yake, kuma ya san kyamara tun ba a haife ka ba.”

Na dubi ƙasa. Na ji Mahadi ya yi gyaran murya.

“Ni ne,” ya ce da Hausa. Sai ya maimaita da Larabci don Rayyan ya ji. “Ni na wanke shi. Na ɗauka datti ne. Ka yafe mana, yarona.”

Lujain ta fara tattara kayanta. Rayyan ya ce, “Ma'alesh, ya ammi,” wato ba komai, yana kawar da kai, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Muka kama hanyar Makka.

Aikin kuwa, wata yarinya aka ba. Mahadi ya daina zama a bencin ƙofar gida, daga masallaci sai ɗaki. In aka ce “mai hoto” sai ya yi kamar ba da shi ake ba.

Da sanyi ya shigo, kamfanin ya sake kiran Lujain gwaji. Ina zaune tare da shi ta shigo da kyamarar aro a cikin akwatinta, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, da ɗan bututun maiko.

“Baba, wanko hannunka in nuna maka yadda ake shafawa. Idona ba ya ganin gashi in ya maƙale a zoben, naka yana gani.”

Bai motsa ba, sai ya dube ni. Na ce ina da abin yi a gida, na laluɓi takalmana. Ina bakin ƙofa na ji ya buɗe famfo.