Rabin Goron Kawu Tanko

Duk wanda ya zauna a Sabo ya san Kawu Tanko mai goro da maganarsa guda: "Tun a duniya!" Ko tuntuɓe ka yi a gaban rumfarsa sai ya ɗaga yatsa ya faɗe ta, kamar shi aka ba ajiyar zunubanka.

Abokin gardamarsa Tisha Bankole ne, tsohon malamin makaranta daga unguwar Mokola, wanda bai yarda akwai Allah ba, balle lahira. Kullum da hantsi Kawu zai fasa goro ya miƙa masa rabi, ya ce, "Ci, can ba za ka samu ba."

Wata rana ɗan okada ya watsa wa Kawu ruwan kwata da babur ɗinsa a farar riga. Bai yi nisa ba tayarsa ta fashe.

"Tun a duniya!"

"Ƙusa ce, Alaji," in ji Tisha.

"Wa ya aiko ƙusar?"

"Kafinta."

Da aka sace wa Tisha janareta, ya yi ta faɗa cewa dole a hukunta mugu a nan, don bayan nan babu wata kotu. Kawu ya tausaya masa ƙwarai. "Kai naka ɓarawon ya sha ke nan. Ni wanda ya ɗauke min akuya ranarsa na nan tafe."

Sai ga Kawu da kansa ya zame a bakin masallaci ya karye a ƙafa. Tisha ya zo dubiya da lemo, ya gyara tabarau. "Tun a duniya, abi?"

"Nawa jarrabawa ce," in ji Kawu, ko kunya babu.

Ni ɗan ƙanwar Kawu ne, na taɓa tambayarsa me ya sa shekara talatin bai gaji da mutumin nan ba. Ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsoro nake in je can in fasa goro, in rasa wanda zan miƙa wa rabin."

Kawu ya riga shi tafiya. Ni na gaji rumfar, kuma bayan sadakar uku Tisha ya zo da hantsi kamar kullum. Na fasa goro na miƙa masa. Ya riƙe, ya kasa ci.

"In ni ke da gaskiya, ba wanda zan gaya wa na ci gardama," ya ce. "Gara a ce shi ne."

Ina kewar tsohon nan sosai. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Shiriyar da ya yi ta roƙa wa abokinsa kuma, Allah Ya ba shi ita, tun a duniya.