Ranar da Kajina Suka Tara Maza a Ƙofar Gida

Bazarar da maigida ya yi ritaya ita ce bazarar da na cika ɗakin kajina fiye da kowane lokaci. Ɗakin yana bayan gidanmu a Badarawa, jikin katanga, inda da can yake shuka alayyahu da tumatir kafin in raba shi da wurin da daɗin baki. Buroila nake kiwo, fararen nan da ba su da aiki sai ci. In sun kai, ba sa jiran kowa. Su ƙara mako guda a hannunka, abincinsu ya cinye ribar, in kuma zafi ya tsananta ka wayi gari kana kwasar gawa.

Maigida dama bai taɓa son kiwon ba. Lokacin da yake zuwa ofis bai cika damuwa ba, don ya fita da safe sai yamma. Da ya dawo zaman gida, sai hancinsa ya buɗe. Yana zaune a tsakar gida da rediyonsa, iska ta kaɗo, ya dube ni ya yi tsaki. Ga shi bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, hawan jini ya kwantar da shi, likita ya ce a rage masa ɓacin rai. Rannan ya kira ni ya yanke hukunci: in wannan zubin ya yi asara kamar na bara, a rushe ɗakin, ya mai da wurinsa lambu. Na ce na yarda, don ina da wani mai gidan abinci a Kawo da ya yi alkawarin kwashe su gaba ɗaya. Har da murguɗa baki na yarda.

Ranar Alhamis mai gidan abincin ya bugo waya yana ta kame-kame, wai ya samu masu sauƙi a wata gona wajen Rigachikun. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba, na kashe waya. Da na leƙa ɗakin, kaji sun baje fukafukai suna haki, buhun abinci na ƙarshe ya kusa ƙasa, kuma kwana biyu ke nan ba wuta a layinmu, balle in ce zan yanka in zuba a firiza. A ranar biyu suka mutu. Na tura su cikin buhu na fitar ta ƙofar baya don kada maigida ya gani.

Na ɗora hotunan kajin a sitatus ɗin wayata, waɗanda suka gani ba su wuce ƙannena da 'yar ajinmu da ke Legas ba. Na koma kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san gaisuwarmu ya san abin da ya faru. Kafin a gama ya gida, ya yara, ya jikin Alhaji, ya muka ji da zafi, katin wayar ya tafi, kuma ban kai ga zancen kaza ba.

A haka maƙwabciyata ta same ni ranar Juma'a da yamma, ina zaune a dokin ƙofar kicin kamar wadda aka aiko wa da rasuwa. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana da ƙaramar makarantar firamare a bayan layinmu, kowa Madam yake kiranta. Shekarunmu da yawa muna miƙa wa juna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga. Da ta ji abin da ake ciki sai ta yi dariya, abin da ya ƙara ba ni haushi.

"Hajiya, ke har yanzu ɗaya-ɗaya kike bin mutane? Kawo wayan nan."

Ta nuna mini abin da take amfani da shi wajen sanar da iyayen yara ranar hutu, da matan zumuntar cocinsu in an ɗage taro. Wani shafi ne da za ka zuba lambobin mutane, ka rubuta saƙo guda, ka danna, ya faɗa wayar kowa a lokaci ɗaya. Ba ruwansa da data. Ko ƙaramar waya mai tocila ce a aljihun tsoho, sai ta yi ƙara. Har akwai gurbin da za ka sa sunan mai aikawa, ya fito a sama kamar saƙon banki.

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa. Ashe akwai irin wannan a duniya, ni ina nan ina ƙona kati a kan ya gida ya yara? Nan take na fara hango layin mutane a ƙofar gida.

Lambobin wayata ba su da yawa, kuma kusan duk mata ne. Madam ta ƙara mini na wasu malamanta da matan zumunta. Sai na tuna da wayar maigida, wadda ta tara mutanen shekara talatin na aikin gwamnati: abokan ofis, 'yan masallaci, dangi na Rigasa da Rigachikun. Na je na roƙe shi. Ko kallona bai yi ba ya miƙo ta, ya ce in kwashe duka, ai tun da ya bar kujera ba mai kiransa. Ya ce ma in sa sunansa a sama, don mutanensa ba su san nawa ba. Da muka gama kwafa ya karɓi abarsa ya kashe, ya jefa a aljihun gado, kamar yadda ya saba yi a 'yan watannin nan.

Rubuta saƙon ne ya zama aiki. Madam ta ce haruffa ɗari da sittin ne shafi guda, in ya wuce ko da ɗigo ne, kuɗin biyu za a cire a kan kowane mutum. Na rubuta na farko, da sallama cikakkiya, da tambayar iyali, da bayanin girman kajin da farashinsu, sai ga shi ya kai shafi uku. Madam ta ce in cire gaisuwar. Na ce Allah ya kiyaye, in aika wa yayan mijina da limamin unguwa saƙo ba gaisuwa, kamar wata 'yar tasha? Ta ce to in cire wani abin. Na yi ta yanka ta ƙasa, farashi ya tafi, girma ya tafi, "na sayarwa" ma ya tafi, don a ganina duk wanda ya san gidanmu ya san ina kiwo. Madam ta tafi duba tukunyarta, ni kuma na tsaya a kan wannan:

"Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya zafi? Don Allah gobe Asabar da sassafe a daure a zo gidanmu na Badarawa, kaji. Lokaci ya ƙure, kada a makara. Na gode."

Na karanta shi sau ba adadi, ya yi mini kyau ƙwarai. Ana idar da sallar magariba na yi bismillah na danna. Kafin in ajiye wayar na ji ta Madam ta yi ƙara ta bayan katanga, sai na daka tsalle ni kaɗai a kicin, da girmana da komai.

Gari bai gama wayewa ba aka fara dukan get kamar za a ɓalle shi. Maigida ya dawo daga masallaci ke nan, yana zaune da singileti da asuwaki a baki. Ya je ya buɗe. Yayansa ne daga Rigasa, dattijo mai ciwon gwiwa wanda ko ɗaurin aure sai an kai ruwa rana yake zuwa, ya sauko daga keke mai ƙafa uku, hularsa a karkace. Ya kama kafaɗun ƙanensa yana dubansa sama da ƙasa, yana salati. Kafin su yi magana mota ta tsaya, tsohon mataimakinsa a ofis ya fito da gudu. Wata ta tsaya a bayanta. Sai masinjan ofishinsu a kan babur, sai direban da ya yi masa aiki shekaru, sai 'yan Rigachikun cike da mota guda. Kowa ya shigo fuska a murtuke, ya ga maigida tsaye da asuwaki, ya yi turus.

Ina leƙe ta tagar kicin, zuciyata fal murna. Na ce kai, wannan abu da aiki yake! Abin da ya ɗaure mini kai kawai shi ne ba wanda ya riƙo buhu ko kwando.

Yaya ne ya zaro wayarsa, ya nisanta ta da ido, ya karanta da ƙarfi.

"A daure a zo gidanmu na Badarawa, ka ji. Lokaci ya ƙure. Kai, da sunanka a sama, kana fama da hawan jini, na kira wayarka a kashe. Me kake so in ɗauka? Ko runtsawa ban yi ba."

Sai a lokacin na gane. Mutanenmu a waya haɗe suke rubuta "ka ji", kowa ya saba gani. Duk namijin da saƙon ya shiga wayarsa bai ga kaza ko ɗaya a ciki ba, ya ga dai abokinsa marar lafiya yana kiransa da magiya. Maigida ya juyo ya kalli tagar kicin, na san kallon, na kuma san lambu ya dawo.

Ana cikin haka sai ga mata. Su ba wanda zai ce musu "ka ji", saboda haka kaji suka karanta, kaji kuma suka zo saya. Malaman makarantar Madam, matan zumunta, matan layinmu, kowacce da bahonta ko buhu, suna ratsa manyan riguna suna tambayar ina kajin, nawa-nawa ne. Wata ta dubi mazan ta ce ashe har sun riga mu, kada dai su kwashe manyan. Tsohon mataimakin ne ya fara fashewa da dariya, har ya dafa mota. Dariya ta kama tsakar gida kamar wutar kara. Yaya kaɗai ya ƙi, yana ta huci.

Na ce in ban fita yanzu ba, ba ni ba fita. Na zura hijabi, na shiga ɗakin kajin na zaɓo wadda ta fi kowacce nauyi, na zo na durƙusa gaban Yaya na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ɗora masa ita a hannu. Ya ɗaga ta don ya mayar mini, nauyin ya ja hannunsa ƙasa. Ya sake jinjina ta. Sannan ya tambaya ko duk haka suke.

Daga nan ciniki ya kankama. Faɗuwa ta zo daidai da zama: mutum ya fito da shirin zuwa asibiti ko abin da ya fi haka, da kuɗi a aljihu, ya tarar da abokinsa garau, me zai hana shi sayen kaza? Wannan ya ce biyu, wancan ya ce a kama masa biyar, direba ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Madam ta ɗaura zani a kan siket ta shiga kamu, ni ina ɗaure ƙafafu, fukafukai na tashi, ana cusa kaji a bayan motocin da ba su taɓa ɗaukar abin da ya wuce fayil ba. Ina gumi ina dariya, muryata har ta dushe. Kafin azahar ba abin da ya rage a ɗakin sai mazuban ruwa.

Tun daga ranar ban sake dogara da mai saye guda ba. Yanzu mako guda kafin su kai nake tura saƙo, in sa lambata a ciki, kowa ya faɗi nawa yake so da ranar da zai zo, masu son a yanka a fige su faɗa. Ina sanin inda kowace kaza za ta tun tana cin abinci, ba na kwana da fargabar wuta. Gaisuwar dai ban cire ba, na rage mata tsawo ne kawai, kuma "kajin sayarwa" nake rubutawa ɓaro-ɓaro.

Amma a yammacin wannan Asabar ɗin ban san ko akwai sauran kiwo a gabana ba. Asara dai ban yi ba, sai dai na tara wa mutum jama'a a kan ƙarya, na sa yayansa kwanan zaune. Mazan ba su watse da wuri ba, an shimfiɗa tabarmi, an yi shayi, ana ta tuna zamanin ofis har la'asar. Da na ƙarshe ya tafi, maigida ya zauna a kujerarsa, bai kunna rediyo ba. Na kawo masa ruwa na tsaya daga gefe, ina jiran hukunci.

Ya daɗe yana kallon get. Sannan ya fara lissafo waɗanda suka zo da kansa, a hankali: wane da suka yi shekara ba sa magana, wane da ya taɓa ba shi takardar gargaɗi, masinjan da ya taso tun daga bayan gari da man fetur ɗin da da ƙyar yake iya saya. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo.

"Yau na ga masu zuwa jana'izata, ina tsaye da ƙafata," ya ce. "Ashe da mutane."

Na ce Allah ya ƙara nisan kwana. Ya ce amin, ya shanye ruwan, ya miƙo mini kofin.

"Sabbin 'yan tsakin, yaushe za a kawo miki su?"