Mai Riƙon Igiya

Kawuna mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye kusa da Birnin Lalle, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. Da Baba ya kai mu wurinsa koyon sana'a, ni da ƙanena, har damina ta wuce bai nuna mana komai ba. Kallonmu kawai yake, kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. Ya sa mu tufka igiya, ya tura mu cikin rumbu ɗebo gero, ya faɗi magana da safe ya tambaye mu da marece. Ni ban taɓa riƙe maganar ba, rumbu kuwa da na shiga sai in fito ina haki. Ƙanena har barci yake yi a ciki.

Da rani ya yi, Kawu ya ce ƙanena zai sauka, ni in tsaya bakin rami da igiyar da aka ɗaura masa a ƙugu. Na ji haushi ƙwarai, amma Baba, da ya zo ganinmu, ya fi ni.

"Babba na tsaye ka tura ƙarami? Mi mutane za su ce?"

"Wanga da hannu yake ji," in ji Kawu, yana nuna ni. "Ko ido rufe yana gane inda igiya za ta tsinke. Bar mini shi nan."

Rijiyar ta yi zurfi har muryar na ciki ba ta isowa. Ran nan da hantsi, masu taya ni jan igiya suna ta hira a bayana, sai na ji igiya tana rawa kaɗan-kaɗan a tafina, kamar ana yayyafa mata wani abu. Yashi ne ke zuba daga bango.

"Ku ja!" na ce.

"Ai bai girgiza igiya a ja shi ba," in ji wani.

Baba ya ce in bar wauta. Kawu ko leƙa ramin bai yi ba, hannuna ya duba, ya daka tsawa: "Ya ce ku ja!"

Muka ja har igiya ta sale mini tafi. Ƙanena ya fito da yashi har cikin kunne, yana mitar an raba shi da daginsa na haƙa. Bai rufe baki ba muka ji ƙasa ta rufta, ƙura ta turnuƙe bakin ramin.

Baba ya zauna dirshan. Ya kama hannuna ya juya, ya daɗe yana kallon jinin. Can ya ce wa Kawu, "Da ka bi tawa, da yau wanga na ciki, kuma ba mai jin igiya a sama."