Kukan Motar Yayana

Motar ta zo hannuna ne ba don na nema ba. Ta yayana ce, tsohuwa mai ƙofa huɗu, ruwan toka, wadda ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Ciwon hanta ya kwantar da shi wata biyu, ya rasu wata Laraba da hantsi. Da muka dawo daga maƙabarta wani ya miƙo mini makullin, na jefa aljihu, ban ko duba wane ne ba.

Wata huɗu da kwana goma ta yi a tsaye ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu, daidai tsawon takabar matarsa. Ruwan damina ya yi ta dukanta, awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Ni kuwa ina zuwa firamaren da nake koyarwa, in dawo, in ci abinci, in yi salla. Mutane suna ta yaba haƙurina, alhali ba haƙuri ba ne. Ba na jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Da takaba ta ƙare, mahaifin matar ya aiko daga Zurmi a mayar masa da 'yarsa. Allah bai ba su haihuwa da Yaya ba, don haka babu abin da zai riƙe ta a gidanmu. Mahaifiyarmu, Inna, ta kira ni ɗakinta.

"Ba a tasha za a sa ta mota da kayanta kamar baƙuwa ba," in ji ta. "Cikin motar mijinta za ka kai ta."

Na ce to. Na iya tuƙi, Yaya ne ya koya mini, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ban san kansa ba. Batir ya riga ya mutu, sai da maƙwabta suka tura ni har kwanar masallaci kafin ta tashi. Tana tashi ta fara wata irin hayaniya, tsuwwa da gurnani da ƙwanƙwasa a haɗe, har mai shayi ya miƙe yana kallo.

A haka na lallaɓa da ita garejin wani bakanike da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Abokin Yaya ne tun suna yara, kuma shi kaɗai ke taɓa motar. Yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke wani ƙarfe cikin fetur. Tun kafin in tsaya ya ɗago kai. Ya dubi motar ya daɗe, sannan ya dube ni.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Ya goge hannu, ya ɗaga bonet, ya ce in bar ta tana aiki. Ya sunkuya ya kasa kunne.

"Mi kaka ji?" ya tambaye ni.

"Hayaniya."

"Kuka ukku na. Ɗai-ɗai za mu bi su."

Ya ɗauko butar alwalarsa ya tsiyaya ruwa kaɗan a kan fanbel ɗin da ke juyawa a gaban inji. Nan take tsuwwar ta ɗauke. Ruwan na bushewa ta dawo.

"Ka gani? Wanga bel na, ya bushe ya saki. Ƙaramin abu."

Sai ya jawo wata doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya kafa kunnensa a kan ƙotar. Ya matsar da ita gaba, ya saurara, ya matsar ƙasa. Ya ce abin da yake tsoro shi ne ƙwanƙwasar ta fito daga can cikin inji, domin idan haka ne sai an sauke shi gaba ɗaya. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Duk wadda ya zare, injin ya yi rawa kamar zai mutu, amma ƙarar ba ta canja ba.

"Alhamdu lillahi, ba ciki ta ba," in ji shi. "Kashe."

Na kashe. Ya sassauta noti ya cire bel ɗin, ya ce in sake tayarwa na ɗan lokaci. Gurnanin da ƙwanƙwasar duk suka ɓace. Na sake kashewa, ya kama fankar lagireto ya girgiza, ta yi lakwaf-lakwaf a hannunsa. Ya ce boris ɗin famfon ruwa ne ya cinye, kuma da na hau hanyar Zurmi a haka, da a daji za ta zubar da ruwa ta tsaya. Ni da shi mun san abin da tsayuwa a dajin nan na 'yan bindiga ke nufi.

"Na ukkun fa?" na ce.

Ya miƙo mini sukundirebar, ya nuna mini inda zan ɗora a saman inji, ya mayar da bel ya tayar da kansa. Na kafa kunne. Can ƙarƙashin sauran ƙarar na ji wani ɗan ƙyas-ƙyas-ƙyas, siriri, mai tafiya daidai kamar keken ɗinki.

"Tafet na," in ji shi, wato wasu ƙananan ƙarafa da ke cikin saman inji. "Ya daɗe. Na sha ce ma yayanka ya kawo ta da sanyin sahiya in ɗaure mai, kullum sai ya ce gobe, yana da lodi. A gyara shi ko a bari?"

"A gyara duka."

Irin famfon babu shi a Ƙaura a ranar. Ya kwance tsohon ya sa mini a leda, ya kwatanta mini wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a Shinkafi. Washegari na shiga motar haya. Hanyar Yaya ce, wadda ya bi safe da yamma shekara da shekaru. A tasha direbobi biyu suka gane ni suka yi mini gaisuwa, na amsa. Muka wuce Badarawa, gero ya yi tsayi har ya rufe gonaki, kowa a motar yana kallon gefen hanya. Ina riƙe da ledar a cinyata, tsatsa tana ɓata mini riga. Na yi ƙoƙarin tuna muryar Yaya, ba ta zo ba, sai na bari.

Mai kayan ya tona cikin tarin ƙarafa ya fito da famfo biyu. Ya jujjuya kowanne kusa da kunnensa, ya ba ni wanda ba ya ƙara. Kafin azahar na koma.

Washegari da sassafe bakaniken ya yi aikin, inji na sanyi. Ya ɗaura famfon, ya sa sabon bel, ya juye tsohon baƙin mai. Sannan ya buɗe murfin saman inji, ya riƙa zura wani siririn ƙarfe mai kaurin reza yana gwada tazara, yana ɗaure ƙananan notuna. Da ya tayar da ita ba a ko jin ƙararta, sai da na duba allon gaba don in tabbatar tana aiki.

Ranar Asabar muka ɗaure katifa da akwatuna a saman mota. Matar Yaya ta yi sallama da Inna a cikin gida, ta fito ta zauna a baya. A da, ni da ita ba ma haɗuwa ba mu yi wasan ƙanen miji ba. Ranar kuwa babu wasa. Mun wuce shingen sojoji na biyu ta yi magana.

"Malam, mi anka yi ma motar?"

"Gyara aka yi. Famfon ruwa ne ya lalace."

"Ba shi ba. Wani ɗan kuka da taka yi, ƙyas-ƙyas. Ban ji shi ba."

"Shi ma an gyara."

Ta mai da fuskarta wajen taga.

"Tun yana kwanar masallaci nika jin shi," ta ce. "Duk motocin unguwa ba mai irinai. In na ji, sai in tashi in ɗora ruwan wanka."

Na duba madubi. Ba kuka take yi ba, tana kallon gonaki ne. Na san ya kamata in ce wani abu, ko in ji wani abu a ƙirjina. Na canja giya saboda wani rami, muka ci gaba.

A Zurmi mahaifinta ya tarbe mu a zaure. Aka sauke kaya, aka kawo fura na sha, ya yi wa Yaya addu'a muka shafa. Ya ce kada in zauna, in kama hanya tun rana na sama. Ita ta riga ta shige ciki. Ta aiko a ce mini ta gode, in gai da Inna.

Bayan kamar mako biyu na bi ta garejin, ba tare da wani abu ya lalace ba. Na tarar da shi a ƙarƙashin wata motar, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Na tsuguna.

"Wannan kukan tafet ɗin, ana iya mayar da shi?"

Ya turo kansa waje ya dube ni, sifana a hannu.

"Noti ɗaya na, in na sassauta zai yi ƙara. Amma ba lalle ya yi irin wancan ba. Don mi?"

"Ba komai."

"Injin na da lahiya, Malam. Bar shi."

Na ce to. Ya koma ƙarƙashin motar, ya ce in turo masa sifana mai lamba goma sha uku da ke kusa da ƙafata. Na tura masa, na ɗan ƙara zama, sannan na tashi don ina da aji bayan tara.