Tsohuwar Fim ɗin Anti Sainaba

Mu a unguwar Hor Al Anz ta Dubai ba mu da murhu, sai kaskon turaren wuta. Shi Hajiya, mahaifiyar Baba, take ajiyewa a gabanta bayan magariba, ni da ƙannena biyu mu zagaye shi kamar masu jin ɗari.

Daga Kano Baba ya kawo ta a duba mata zuciya. Magani ya ƙare, komawa ta gagara. Duk sanda ta yi zancen gida sai ya ce, "Bari wannan kwantenar ta tashi, Hajiya, inshallah." Kwantena kuwa ba ta ƙarewa a Dubai.

Gidan na haɗaka ne, katako kawai ya raba mu da Anti Sainaba, mutuniyar Kerala ta ƙasar Indiya. Tana da wani tsohon fim na yarensu, Malayalam, hotonsa duk ya koɗe. Hajiya ko kalma ɗaya ba ta ji, amma kullum da rana suna gaban talabijin suna sharar hawaye da bakin mayafi. Da yamma ta juye mana shi tatsuniya.

"Ku matso, ga ta nan. Yau ma ta Indiyawa ce."

Wai wata tsohuwa ce mai gida a bakin ruwa, cikin itatuwan kwakwa, kabarin mijinta na kusa. Ɗanta ya yi arziki ya ɗauke ta zuwa birni, ya sa ta a bene. Ci da sha ba ta rasa ba. Abu ɗaya take roƙo, a mai da ita gida, shi kuma kullum sai gobe.

Idan Hajiya ta zo nan sai ta ɗaga murya. Ni da wautata na ɗauka kunnenta ne ya fara nauyi. Ashe Baba na bayan labule yana waya da masu kaya.

"Sai tsohuwa ta mutu," in ji ta. "Baƙi suka wanke ta. Cikin masu sallarta ba wanda ya san sunan ubanta."

Wallahi na tsani wannan ƙarshen. Na ce, "Haba Hajiya, ki canza mana shi mana!"

"Ke tafi can, uwar tsiwa. A hannuna yake?"

Da safe Hajiya ta rasu, wata Talata. Anti Sainaba da wasu mata biyu 'yan Ghana suka yi mata wanka. Anti Sainaba ta tare Baba a ƙofa tana kuka, da guntun Larabcinta take tambaya ba za a sa ta a jirgi a mai da ita gida ba? Su haka suke yi wa nasu. Baba ya ce mu ba ma ajiye gawa. Kafin magariba an rufe ta a ƙasar da ko sunan unguwarta ba ta iya faɗa.

Sai da na girma na nemo fim ɗin mai fassara a ƙasa. Na kalla har ƙarshe. Tsohuwar ba ta mutu ba. Ɗan ya mai da ita gida a kwalekwale, har da kiɗa. Hajiya ta ga wannan da idonta ba adadi, ta zo ta kashe mana ita da gangan, ko wani zai tsorata.

Da zafina na je na gaya wa Baba. Na ce, "Da kai take, ba ka ji ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Na ji," ya ce. "Kullum ina ji. Shi ya sa nake ƙara muryar wayar."