Tabon Idona da Na'urori Biyu a Alƙahira

Litinin: Funtuwa zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Funtuwa, ƙanena Lawal ke tuƙi. Ni mai walda ne. Shekara shida ke nan da ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa mini a idon hagu, ya bar farin tabo a kan baƙin idon, irin wanda muke ce wa hakiya. An ce mini sai dai dashe, a yanke wajen a ɗinka na wani. 'Yata Rukayya, wadda ke koyon aikin ido a Masar, ita ta ce in zo a auna tukuna.

Shingen jami'an tsaro uku muka wuce kafin Kano. Jirginmu ya tashi ƙarfe ɗaya da rabi, tafiyar awa biyar da 'yan mintoci. A Alƙahira, Rukayya na jirana a bakin ƙofar fita.

"Baba, ka rame," in ji ta.

"Tsoron wuƙa ne," na ce.

Talata: Darrasa

A unguwar Darrasa na sauka, a wani ɗaki hawa na uku kusa da masu sayar da littattafai. Da safe aka kawo mini ful, wato wake da mai, da gurasa mai zafi. Da rana na ci koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya. Ban raina ba.

Laraba: Asibiti

Tasi ta kai mu asibitin da Rukayya ke koyon aiki cikin minti arba'in. Na ɗora haɓa a kan na'ura ta farko, wani shuɗin haske ya kewaya idona. Ma'aikacin na'urar ya duba allo ya kaɗa kai, ya ce tabon ya nutse sosai. Babban likita, wani dattijo Bamisire, ya ce, "Ma'alish ya Hajji," wato in yi haƙuri, "dashe ne."

Sai na ji muryar Rukayya, cikin ladabi, tana roƙon a sake ɗaukar hoton idon. Aka sake, aka kuma sakewa. Hoto uku, amsa uku.

Ta juyo ta yi mini bayani da Hausa. "Baba, tabon naka fari ne ƙwarai, yana watsa hasken wannan na'urar, shi ya sa take canza magana. Akwai wata da ke nuna zurfin daki-daki."

"Ita ma in ta canza magana fa?"

"Sai mu ƙi yarda da ita."

A na'ura ta biyu ita da kanta ta ɗauka sau uku. Sannan ta tashi, ta kira wata ma'aikaciya da ba ta ga sakamakon ba, ita ma ta ɗauka. Duk bakinsu ɗaya: tabon a sama-sama yake, ana iya kankare shi da hasken leza.

Dattijon ya cire tabarau, ya daɗe yana duban allon. Ya tambaye ta daga ina wannan majinyacin ya zo.

"Mahaifina ne," ta ce.

Ya miƙo mini hannu. "Tamam. Hajji, 'yarka ta hana ni yanka ka."

Na kama hannunsa da hannu biyu.

Mako biyu bayan nan: Gida

Aikin bai kai minti ashirin ba, amma na yi kwana huɗu ido na zafi da hawaye. Gani bai koma kamar na ƙuruciya ba, sai dai hazon ya ragu sosai. Muka shiga kasuwar Ataba na yi tsarabar mayafai.

Na isa Funtuwa ranar Alhamis da la'asar. Ina gode wa Allah, da Lawal, da dattijon likita. Maƙwabta suka cika zaure, wani ya ce in ba shi sunan Balaraben da ya gano maganin.

Na nuna masa cikin gida. Na ce, "Rukayya ce. A ɗakin can aka haife ta."